Kwatancen Kurmin Inna Hajo

Makon jiya wata yarinya daga cikinku ta kawo mini waƙoƙi goma sha biyu, wai duk a wuni ɗaya ta rubuta su, a kan kyawun daji. Na tambaye ta wane daji. Ta ce daji dai. Na ce wace bishiya ce wannan da tsuntsu ya sauka a kanta a baiti na uku, kuma wane tsuntsu ne? Ta ce, "Malama, ai waƙa ce." To, tunda haka kuka ɗauki abin, ku da kuke cika mini tsakar gida duk Asabar da takardunku, sai ku gyara zama in gaya muku yadda aikin yake. Shekara goma sha huɗu ke nan ina rubutu a kan itatuwa da tsuntsaye da rafukan ƙasar Lafia, ina kuma koyar da shi a makarantar 'yan mata, amma ban taɓa gama waƙa ɗaya a wuni ɗaya ba.

Waƙata ta farko na yi ta ne a shekarar da aka ba mu jiha, lokacin kowa na zumuɗi, ni ma na ce bari in yi wa garinmu kirari. Na kai wa Malam Ari, wani tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, wanda duk unguwarmu aka san shi da sanin itatuwa. Ya karanta sau biyu yana tauna goro, sannan ya ɗago kai.

"Talatu, a ina kika ga raƙumi a Lafia?"

Na ce, "Baba, ai haka ake sawa a waƙa."

"Wa yake sawa? Ga raƙumi, ga rairayi, ga ayari. Ke da kika tashi cikin doya da kwakwar manja. Wannan waƙar mutanen Katsina ce, ki aika musu da abinsu."

Na ji haushi ƙwarai, amma gaskiyarsa ce. Duk littattafan da muka karanta a makaranta can Arewa aka rubuta su, sai na wayi gari ina rubuta ƙasar wasu ina kiranta tamu. Ranar ya kafa mini doka. Ba zan sa sunan bishiya a takarda ba sai na tsaya a gindinta, na taɓa ɓawon, na murza ganyen na shinshina. Bayan haka in tambayi mutum uku a kanta. Manomin Gwandara zai gaya mini ko doya na yi a kusa da ita. Matar Eggon mai tuya a kasuwa za ta gaya mini ko itacenta na hayaƙi. Bafillace kuma ya san ko saniya na cin ganyenta, da kuma watan da take ci.

Shekara biyu ina bin tsohon nan duk ƙarshen mako, yana gaba da sandarsa ina baya ina haki. A kan tsuntsun nan ragon maza kawai sau uku ya kora ni garin Assakio. Na rubuta cewa tsuntsun yana kuka daga ƙololuwar bishiya, domin layin ya fi daɗin rerawa haka. Malam Ari ya ce in koma in duba. Na je, na dawo na ce ban gan shi ba. Ya ce in koma. A zuwa na uku na zauna a bakin wata fadama har ƙafata ta yi tsami, sai ga shi ya fito yana sanɗa a ƙarƙashin ciyawa, jan baya, doguwar jela, ko tashi sama ƙyuya yake ji. Na jefar da layin nan mai daɗi, na yi sati ina neman wanda zai maye gurbinsa.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne sai da na sha wuya na san amfaninsa. Fensir nake riƙewa, domin biro ya taɓa cin amanata a ruwan sama, rubutun wuni guda ya narke ya zama shuɗin tabo. Littafin rubutu mai kaurin bango, a cikin leda. Takalmin danƙo, saboda maciji ba ruwansa da cewa ke marubuciya ce. Sai igiya mai ƙulli-ƙulli da nake auna kaurin bishiya da ita. In na dawo gari in roƙi tafiretar makaranta, in buga a sitensil, in tsaya kan mai injin gurza takardu har ya gama, hannuna duk baƙin tawada. Ku yanzu kuna shiga shagon kwamfuta ku fito da takarda fes, shi ya sa kuke ganin abin da ke kanta ma ya yi kyau.

Masu neman aikina kuwa, Allah dai ya ba mu haƙuri. Shugabar makaranta ta taɓa sa ni in yi waƙar ranar ba da kyaututtuka a kan ɗorawa, da na gama ta ce in san yadda zan cusa sunan babban baƙo a ciki. Na ce ɗorawa ba ta san shi ba. Ta ce in gabatar da su. Wani ɗan siyasa ya aiko a ce in kwatanta shi da zaki, na ce ban taɓa ganin zaki a ƙasar nan ba, kuma dokar malamina ta hana. Wata jarida ta yanke rabin maƙalata a kan rafin Assakio don ta sa tallan maganin basir. Sai da gidan rediyo ya ba ni minti goma duk Asabar da hantsi na samu masu sauraro na gaske, direbobi da teloli da masu sayar da doya. Wani dattijon Alago ya taɓa tako ƙafa har makaranta don ya gaya mini na yi kuskure a watan da kaɗanya ke fure. Na yi musu, na je na duba, na dawo na ba shi haƙuri a rediyo.

A aji kuwa ɗalibaina sun san abin da ba na yafewa. Duk wadda ta rubuta "wani wuri" ko "wata bishiya" jan biro ne zai bi ta kai. Wane wuri? Ta wace hanya ake zuwa? Me ke hannun dama, me ke hannun hagu? Nakan ce musu rubutu mai kyau shi ne wanda baƙo zai riƙe a hannu ya kai kansa wurin ba tare da ya tambayi kowa ba. Ina alfahari da wannan magana, har a allo nake rubuta ta.

Yanzu bari in zo kan shekarar da ba na son tunawa.

Akwai wata tsohuwar Bafillatana, Inna Hajo, da ke kawo nono ƙofar makarantarmu daga rugarsu ta bayan Adogi. Ita ce mutum ta uku da nake tambaya a kan kusan kowace bishiya, kuma ba ta taɓa cewa ba ta sani ba. Wani rani mai tsanani, shanun kowa sun rame, nono ya yi wuya a kasuwa, amma ƙwaryar Inna kullum cike take. Na ce, "Inna, ina shanunku suke sha ne?" Ta ce, "Can cikin daji." Na ce wane daji, gabas ko yamma? Ta yi dariya ta ce in sha nonona kafin ƙuda ya riga ni.

Na san al'adar. Makiyayi ba ya ƙirga shanunsa a gaban mutane, kuma ba ya faɗin inda ya samu ruwa da rani. Har na taɓa rubuta wannan a wata maƙala, na kira shi camfi, kun ji wautar mai ilimin boko. Amsar nan tata ta tsaya mini a rai kamar ɗalibar da ta ƙi gyara, na dinga naci. Sai da rani ya zagayo, bayan na je sunan jikarta na kuma je gaisuwar rasuwar ƙaninta, sannan wata rana ta ce in zo da takalmin nan nawa na maza.

Mun yi tafiyar fiye da awa ɗaya daga ruga, rana na dukan mu, ƙasa duk ta ƙone. Sai muka gangara wani kwari, iska ta sauya, sanyi ya bugi fuskata. Kurmi ne, ba shi da faɗi sosai, amma rana ba ta taɓa ƙasa a cikinsa. Manyan maɗatai guda bakwai, ga kawo, ga maɗobiya, ga tukurwa a bakin ruwa. Ruwan kuwa daga ƙarƙashin saiwoyi yake tsattsafowa cikin farin yashi, ya taru a wani ɗan gurbi, ya malala kaɗan ya nutse. Inna ta ce tun tana amarya ba ta taɓa ganin ya ƙafe ba. Gida uku ke shayar da shanu a nan, kowa da lokacinsa. In ciyawa ta ƙare 'ya'yanta su hau kawo ko maɗobiya su saro wa shanu ganye, kuma bishiyar da aka sara bana ba a taɓa ta baɗi.

Na fito da igiyata na fara zagaye babban maɗacin. Inna na zaune kan saiwa tana kallona.

"Malama, riga za ki ɗinka masa?"

Na ce, "Aunawa nake, Inna, don in rubuta daidai."

Ta ce, "To."

Ba ta ce kada in faɗa wa kowa ba. Wannan na sha juya shi a raina ina neman mafita, amma babu. Wa zai tsaya yana gaya wa babbar mace kada ta sa hannu a wuta? Ta ɗauka duk wanda aka kai irin wannan wuri ya san abin da aka ba shi.

Sati uku na yi a kan maƙalar, kuma ban taɓa rubuta wadda ta kai ta ba. Komai na ciki. Na faɗi adadin maɗatan da kaurin kowanne. Na faɗi yadda gindinsu ya miƙe sambal babu reshe har sama. Sannan, don in nuna wa ɗalibaina yadda ake yi, na sa hanya. In ka wuce Adogi ka bar makarantar firamare a bayanka, za ka ga wani suri mai kai biyu, ka bi 'yar hanyar ƙafa ta hannun hagu, ka ƙetare gonakin doya, ka gangara inda ka hango tukurwa. Malam Ari ya rasu kafin nan, babu wanda zai duba mini. Na karanta ta a rediyo da muryata, aka yi ta yabo, har aka maimaita ta sati na gaba.

Ku tuna lokacin gari na ta faɗaɗa. Ma'aikata sun cika Lafia, ko'ina gini ake yi, Azuba da muka sani gonaki ta fara zama unguwa. Kowa na neman katako, ni ma ina cikinsu, domin na samu ɗan fili a can ina ta lallaɓa ɗaki biyu. Bayan damina na shiga kasuwar katako neman na ƙofa. Ina cikin ciniki sai mai rumfar, wani ƙaton mutum mai fara'a, ya ɗaga hannu.

"Madam, tsaya. Wannan murya na san shi. Kai ne mai furogiram na bishiya?"

Na ce ni ce.

"Ah, ni kwastoma naka ne. Kullum Asabar ina buɗe rediyo. Wancan na Adogi, kai ya yi ƙoƙari wel wel. Yara nawa sun yi wata biyu suna neman maɗaci babba, ba su samu ba. Na ce su bi abin da Madam ya faɗa. Suri mai kai biyu, yana nan. Hannun hagu, yana nan. Ko mutum ɗaya ba mu tambaya ba."

Na ce, "Kun sare?"

"Duka bakwai. Ba sata ba ne o, mai ƙasa ya sayar mana, akwai takarda. Kauri ma yadda ka faɗa, haka yake." Ya juya ya dafa wasu jajayen katakai da ke jingine. "Ɗauki ɗaya, kyauta. Next taim in ka samu wani wuri, ka faɗa mana."

Shekara da shekaru ina ƙorafin ba a karanta ni da natsuwa. Malamai na tsallake shafi, 'yan jarida na yankewa, ɗalibai na hamma. Ashe ina da mai sauraro guda da bai bar kalma ɗaya ta faɗi ƙasa ba, ga shi tsaye gabana yana washe baki yana ba ni tukuici. Ban zage shi ba, domin ban ga abin da zan zage shi a kai ba. Shi sana'arsa ya yi, kuma ya yi ta da kyau. Haushin kaina ne ya cika ni, na fita na bar katakon ƙofar da na zo nema.

Sai a lokacin na lura Inna Hajo ta yi watanni ba ta zo ƙofar makaranta ba. Da na ɗauka damina ce ta hana ta. Kun ga irin lurar mai koyar da lura.

Ku da kuke cewa rubutu abu ne mai sauƙi, wai ba ya cizo, ku saurara. Kafinta in ya kuskure, kujera ce za ta karkace. Tela in ya kuskure, yadi ne ya lalace. Ni ban ma kuskure ba, komai daidai na faɗa, kuma wannan daidai ɗin ne ya jawo mota har bakin ruwan mutane. Na yi wata huɗu ban taka gidan rediyo ba. Mai shirya shirin ya yi ta aike, wai jama'a na son irin na Adogi. Da na koma, na ci gaba da faɗin sunan bishiya da ƙamshin ganyenta da tsuntsun da ke kwana a kanta, amma hanya ban ƙara faɗa ba, kuma maganar nan ta baƙo da takarda na daina rubuta ta a allo. Abin da za ki faɗa rabin aikin ne, sanin abin da za ki bari shi ne ɗaya rabin, kuma ba a koyon sa a wuni ɗaya.

Ban samu ƙarfin halin zuwa ba sai da rani ya yi nisa. Ba na bukatar jagora, na bi kwatancena. 'Yar hanyar ƙafar ta zama hanyar mota, sawun taya ya yi rami biyu. Masu gawayi sun bi bayan masu katako sun kwashe rassan, sun haɗa da kawo da maɗobiya, ga tudun toka nan da can. Kututture bakwai, na zauna kan ɗaya ya ɗauke ni da jakata har da saura. Rana ta sauka kai tsaye kan yashin. Inda ruwan yake taruwa ya zama busasshen taɓo mai tsagewa, da sawun kofato da ya ƙafe a ciki.

Na ƙarasa ruga. An kwance bukkoki biyu, ana ɗaure kaya a kan shanun dako. Inna Hajo ta gan ni, ta shimfiɗa mini tabarma, ta gaishe ni yadda ta saba, ta tambayi makaranta, ta tambayi yara. Ta ce nono babu, in yi haƙuri. Na fara kame-kamen ban haƙuri, ta katse ni.

"An ce kin yi maganarmu a rediyo. Ni ban ji ba, wani ɗan'uwanmu ne ya ji a kasuwa. Yana cikin littafin nan?"

Na ce yana ciki.

"Karanta mini."

Na buɗe na karanta mata tun daga farko, ita da babban ɗanta Jauro da ya bar ɗaurin kaya ya zo ya tsaya. Na karanta sanyin da ke bugun fuska, na karanta farin yashi, na karanta bishiyar da aka sara bana ba a taɓa ta baɗi. Da na zo kan hanyar na so in tsallake, sai na ga ba ni da wannan ikon, na karanta har suri mai kai biyu. Tana ta gyaɗa kai a hankali.

Da na gama ta ce, "Haka yake. Duk abin da kika faɗa haka yake, ba ki ƙara ba. Kina da kai, Malama." Ta ɗago ta dube ni. "To, yanzu a ina shanu za su sha?"

Ba ta jira amsa ba. Ta tashi ta ci gaba da jera ƙore cikin raga, ƙanana cikin manya. Na miƙe na naɗe mata tabarmar. Ya kamata in tafi haka nan, amma hali zanen dutse, sai na ji bakina ya ce, "Inna, ina kuka nufa?"

Ta sunkuya tana ƙulla bakin ragar kamar ba ta ji ba. Jauro ya dubi littafin da ke hannuna, ya daɗe yana dubansa, sannan ya dube ni.

Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya, Malama. Ki gaida mutanen gari."